Gefen Bango

Malali, Kaduna
6 ga Fabrairu, 1989

Zuwa ga Inna Hansai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da dangi na Gusau baki ɗaya. Yaya gwiwar? Baba ya ce ita ta hana ki zuwa lokacin rasuwar Umma. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, Baba yana nan Unguwar Kanawa tare da Safiya, ni kuma ina Malali da maigidan da ɗanmu Aminu.

Na san za ki juya ambulan kina tunanin wace ce. Ni ce Sa'adatu, babbar 'yar Bilkisu, wadda rabonki da ita tun tana 'yar shekara biyar. Umma ba ta rabuwa da zancenki. Takan ce ko da yake kakanninku ne suka haɗu, a tabarma ɗaya kuka girma.

Abin da ya sa na rubuto, an sa ranar auren ƙanwata Safiya, ƙarshen watan Yuni in Allah ya kai mu. Yaron sunansa Balarabe, mutumin kirki ne, kuma ita ta kawo abinta. Kowa na murna, amma rannan na same ta zaune gaban akwatin Umma ta kasa buɗewa. Zannuwa bakwai ne a ciki, su ne rabonmu ni da ita. Ta ce, “Yaya, ba abin da ke cina sai ranar jere. Kowace amarya uwarta ke cewa a sa wannan nan, a matsa da wancan can. Ni wa zai ce?”

Inna, ban san lokacin da bakina ya yi alkawari ba. Na ce zan ɗinka mata bargon haɗi da zannuwan nan, irin wanda kika yi wa Umma na aurenta, wanda muka yi ta birgima a kai har ya mutu. Na ce mata duk fuskar bargon ba za a sami ƙyalle ɗaya da bai taɓa jikin Umma ba. Ranar jere shi za a shimfiɗa a gadonta.

Ban taɓa ɗinkin da ya wuce kalmasa ba, amma ba na jin tsoro. Keken Umma yana wurina, kuma mai buga tafireta a ofis tun safe har azahar ba za a ce hannunta ya mutu ba. Lissafin kawai nake so. Gadon shida da shida ne, kafinta a Kawo bai ma fara ba, kuma katifa biyu za a ɗora. Zani nawa zai ci? Yaya zan yanka? Ki rubuto mini dalla-dalla, sauran aikin ki bar mini.

'Yarki,
Sa'adatu

*

Gusau
20 ga Fabrairu, 1989

Ɗiyata Sa'adatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba, in ta yi tsiya in yi mata tsiya. Ki gai da ubanki Malam Tijjani, ki ce Allah ya sanya alheri.

Wai in juya ambulan! Yo ina zan manta ki? Yarinya duk ƙafa, kamar ubanki. Na san yanzu sai kin sunkuya kike shiga ɗaki.

Wato tafireta ce ta koya miki ɗinki? Madalla. To buɗe kunnenki, shekara talatin ina koya wa mata wanga aiki a ajin yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa sa kowa sayen tef ba. Tef ɓata yake yi, yara su yi wasan doki da shi. Hannu kuwa yana jikinki. Daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, kamu ke nan. Ki ware hannu daga babban yatsa zuwa dogon, taƙi ke nan, kuma taƙi biyu kamu ɗaya ne.

Gado shida da shida na auna shi ya fi a ƙirga, kamu huɗu ne ta kowace fuska. Tunda katifa biyu ce, sai ki ƙara kamu guda dama, guda hagu, guda wajen ƙafa. Faɗi kamu shida, tsawo kamu biyar. Ki sami kwali ki yanka shi taƙi ɗaya ta ko'ina, ki ƙara kaurin yatsa a kowane gefe, don ɗinki yana cin yadi. Da kwalin nan za ki fitar da gidaje, sha biyu a jere, jeri goma. Zani biyar zai ci. Na shida na kuskure ne, don za ki yi kuskure, kada ki ce mini a'a. Na bakwai na baki ne. Baya kuwa farin yadi za ki saya, yadi takwas, ki sa tsohon bargo mai laushi a tsakiya.

Abu guda ban yarda da shi ba. Akwai malalatan da ke rage gefen da zai jingina da bango, wai ba mai gani. Duk ɗalibar da ta yi mini haka sai ta warware. Yadda ya sauka ta gaba, haka zai sauka ta bango.

Kin kyauta da kika buɗe akwatin. Kayan mamaci ba a barinsu a kulle asu ya ci. Abin da ba ku bukata ku ba da sadaka, ladan ya isa gare ta. Ni ma ubanku ya aiko mini da guda bayan rasuwar, koren nan mai zanen mafici. Shi kaɗai gare ni na Bilki. Ba na ɗaura shi sai Juma'a, kuma ba na ba kowa wankinsa.

Innarki,
Hansai

*

Malali, Kaduna
19 ga Maris, 1989

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai Aminu da ya yi 'yar mura, ta kuma wuce. Baba yana amsawa, ya yi dariya sosai da zancen shiga ɗaki, ban san me ya ba shi dariya haka ba.

Albishirinki! Fuskar bargo ta haɗu. Inna, ashe abin ba wuya. Ranar farko dai da na ɗora almakashi a kan shuɗin nan da Umma ke zuwa suna da shi, sai da na ajiye na yi kukana na share ido, sannan na yi bisimilla. Daga nan kuwa sai gudu. Ina dawowa daga ofis in ɗora tukunya in hau keke. Maƙwabciyata har leƙowa ta yi ta ce ko shago na buɗe.

Kuma ki yi haƙuri, ɗalibarki ta tsere wa lissafinki. Kin ce zani biyar, ni huɗu suka ishe ni, har ragowarsu ta fitar da rigunan matashi. Kuskure kuwa ko ɗaya, balle in taɓa na shida. Farin yadin ma ya yi yawa sosai, ina jin mai shagon ne ya yi mini gyara. Na shimfiɗa fuskar a gadona na ƙarfe, ta sauka dama da hagu gwanin sha'awa. Safiya ta zo ta gani, ta bi gidajen da yatsa tana cewa wannan na ranar saukarta ne, wannan na zuwa asibiti ne. Rabon da in ga haƙoranta a waje haka tun Umma na da rai.

Zannuwa uku sun rage lafiyayyu, ko almakashi bai shinshina su ba. Na tuna maganarki cewa abin da ba mu bukata mu ba da sadaka. Juma'ar farko ta azumi zan kai wa matan malaman da ke bayan gidan Baba, don su suka yi ta yi wa Umma sauka tana kwance. Bakin bargon kuma da ragowar ƙyallaye zan kalmashe shi.

Ki fara shirin zuwa biki. Ko a kujera ne sai an ɗauko ki kin ga aikin 'yarki.

Sa'adatu

*

Gusau
1 ga Afrilu, 1989

Sa'adatu,

Lafiya muke, ina fatan kuna lafiya. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Kada ki ba da zannuwan nan! Ko guda kada ya fita gidanki sai bargo ya hau gadon Safiya da katifunsa biyu kin gani da idonki. Zani huɗu ba ya rufe shida da shida, ko wa ya riƙe almakashin. Mai shago kuma ba ya gyaran yadi biyu, ba ubanki ba ne. Akwai abin da ya kauce, ban dai gano shi ba tukuna. Gadonki na ƙarfe nawa da nawa ne? Kin ƙara kaurin yatsan da na ce?

Ban ba gidan waya wagga takarda ba don kada ta makara. Datti direba na ba, ɗan maƙwabtanmu, gobe zai yi lodin Kaduna. Ya ce daga tashar Kawo zuwa gidan ubanku ba nisa, da hannunsa zai kai.

Hansai

*

Malali, Kaduna
14 ga Mayu, 1989

Inna Hansai,

Barka da Sallah, da fatan an yi ibada karɓaɓɓiya. Jikinmu lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, kuma gara in faɗa miki.

Shekaranjiya wani direba ya yi sallama gidan Baba da takardarki, duk ta sha baƙin mai. Wai a aljihun ƙofar mota ta faɗa, sai da ya zo wanki ya gani. Ya yi ta ba da haƙuri. Me haƙurinsa zai yi mini? Zannuwa sun tafi tun farkon azumi.

Kafin ma takardar ta zo na riga na gani. An kai gado gidan da Balarabe ya kama, aka ɗora katifu, muka tafi ni da Safiya da bargo a ƙullin zani, ina tafe ina taƙama. Muka kama gefe-gefe muka shimfiɗa. Inna, kamar an ɗora wa babban mutum hular yaro. Ta dama da hagu ko katifar sama bai gama rufewa ba, ta ƙasa tana waje tsirara. Wajen ƙafa kuwa bai ma kai bakin gado ba. Na ja nan, can ya buɗe. Na ja can, nan ya buɗe. Safiya ta ce, “Ba komai Yaya, a sayo atamfa a kasuwa a zagaye shi.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maigidan ya ce in je in roƙi matan malaman su dawo da su, a saya musu sababbi. Baba ya ce kada ma ya sake jin zancen, ladan ya riga ya isa ga mai shi, ba mai zuwa ya karɓo. Ranar Sallah na ga Larai, matar Malam ƙarami, ta ɗaura ruwan goron nan na Umma ta goya 'yarta, tana ta yi mini godiya. Na amsa, na shiga bayan gida na yi kuka.

Ban kauce wa takardarki ko da wasali ɗaya ba. Kamu shida kika ce, kamu shida na yi. Kaurin yatsa kika ce, na ƙara. Sadaka kika ce, na bayar. Gadona huɗu da rabi ne, na yarda ban yi tunanin wannan ba, amma lissafin ai naki ne. In kin manta awon ne saboda shekaru, da kin ce mini kin manta, da na nemi tela. Yanzu ga biki saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, ga alkawari na ɗauka a gaban marainiya, kuma ba sauran zanin Umma ko ɗaya a hannunmu.

Ki yafe mini in na yi kaushi.

Sa'adatu

*

Gusau
23 ga Mayu, 1989

Sa'adatu,

Mun yi Sallah lafiya, gwiwa ma ta bar ni na je idi.

Ni ce na manta awo? Ni? Yarinya, ina auna gado tun ubanki bai san hanyar gidanmu ba. Da na karanta takardarki sai da na tashi da gwiwar nan na shiga ɗakin amaryar maƙwabta na auna nata gadon, shida da shida, ga kamu huɗu cif. Sadaka kuma na ce abin da ba ku bukata. Wa ya san abin da ba ya bukata tun aiki bai ƙare ba? Ban ce ki yi rabo ana tsakiyar ɗinki ba. Datti kuwa na gama da shi, uwarsa ma ta ƙara masa.

Na huce yanzu. Kaushinki bai dame ni ba, na san inda ke miki ciwo, ni ma nan ke mini.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Kin ce ubanki ya yi dariya da na ce sai kin sunkuya kike shiga ɗaki. Malam Tijjani ba ya dariyar banza. Ki sami zare, ki ɗora daga gwiwar hannunki zuwa kan dogon yatsa, ki yanke daidai, ki sa a ambulan. Ga nawa na sa miki a wagga, baƙin zare ne, kada ki yar. Kada ki sayi atamfa, kada ki taɓa bargon. Ki ba gidan waya, na tuba da direbobi.

Hansai

*

Malali, Kaduna
30 ga Mayu, 1989

Inna,

Muna lafiya. Ga zaren, fari ne.

Na ɗora naki a hannuna. Ya wuce yatsuna ya yi lilo. Na kira maigidan ya gwada, shi ma da ƙyar ya kai.

Inna, ni ba doguwa ba ce. Tsawon da kika gani ina 'yar shekara biyar, a aji shida ya tsaya. A ofis sai na sa matashi a kujera nake kai wa tafireta. Kunya ta ishe ni kan abin da na rubuta miki, ban san da wane ido zan dube ki ba.

'Yarki,
Sa'adatu

*

Gusau
7 ga Yuni, 1989

Ɗiyata,

Gaisuwa. Ina lafiya, kada ki damu da tabon da ke jikin takardar, ruwa ne ya ɗiga.

Ƙarya nake, ba ruwa ba ne. Na buɗe ambulan, na ɗora farin zarenki a gwiwar hannuna, ya zo ya tsaya a tsakiyar tafina, ko gindin yatsu bai kai ba. Nan hannun Bilki yake tsayawa. Muna 'yan mata in an aike mu sayen alawayyo, mai yadin yana hango mu zai ce, “Doguwar ta koma gefe, gajerar ta auna.” Bilki ta yi ta masifa, ni ina dariya. Mukan jera hannu a kan tabarma, kullum nan nata ke ƙarewa. Shekara biyu ina neman abin da zan taɓa in ji kamar ita ce, ashe yana Malali yana buga tafireta.

Ki daina jin kunya. A ajina kowace mace gadonta take aunawa da hannunta, ta yanka da hannunta, shi ya sa ba a taɓa samun matsala ba. Ke kuwa na auna da nawa na ce ki yanka da naki, ban tambayi wa kika ɗauko ba. Rabin laifin nawa ne. Rabin kuma naki ne, mai tsere wa lissafi.

Yanzu ga yadda za a yi. Hasana, matar ɗan wana, za ta zo Kaduna jibi wurin 'yarta, ita za ta kawo miki wagga takarda da ƙunshi. In kin buɗe za ki ga koren zanin. Kada ki rubuto ki ce a'a, ba lokacin wannan. Na wanke shi da hannuna na goge. Na ɗaura shi Juma'ar da ta wuce, mun yi sallama.

Ki tsaga shi uku a tsaye, daidai wa daida. Kashi ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya wajen ƙafa. Na ƙafar ba zai kai kusurwa ba, sai ki warware rigunan matashi biyu ki cike da su. Farin yadin da kika ce ya yi yawa, yanzu zai yi amfani. Na lissafa, zanin zai tafi duka, ko abin ɗaure kuɗi ba zai rage ba. Wannan karon ki je ki auna gadon da kanki, da katifunsa, da hannunki, kafin almakashi ya taɓa komai.

Biki kam ban jin zan zo, likita ya hana ni doguwar mota. Ki ce wa Safiya duk gefen bargonta jikin uwarta ne, alkawari bai karye ba.

Innarki,
Hansai

*

Malali, Kaduna
3 ga Yuli, 1989

Inna ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya sai gajiyar biki, muryata ma ba ta dawo ba. An ɗaura aure, amarya ta tare, Baba yana godiya, Safiya ta ce in ce miki ba ta da bakin magana sai ta zo da kanta.

Da ƙunshin ya iso na buɗe, ƙamshin turarenki ne a jiki, amma zanin na gane shi tun daga nesa. Da shi Umma ta raka ni ɗakina. Na daɗe zaune da shi a cinya.

Na je na auna gadon, har sau nawa ban sani ba, har Balarabe ya fara tambaya ko kafinta ya yi kuskure. Ranar jere muka shimfiɗa. Inna, ya sauka! Ya rufe katifu biyun, koren ya zagaye gidajen kamar dama don haka aka saƙa shi. Gwaggon ango, wata mai baki, ta shigo tana duba kwalla da kwanuka tana taɓe baki, da ta zo kan gado sai ta tsaya. Ta ce, “Wannan daga wace ƙasa aka kawo shi?” Safiya ta ce daga ƙarƙashin mayafi, “Zannuwan Ummana ne.” Matar ta shafa shi ta ce Allah ya jiƙan mai su, kowa ya ce amin. Da aka watse, Safiya ta kwanta a kai ta kifa fuska, muka bar ta.

Yanzu sai ki shirya faɗa, don na saɓa miki, kuma da gangan. Da na auna ɗakin na ga gadon a kusurwa zai zauna, gefen hagu manne da bango. Na tsaga zanin uku yadda kika ce. Na sa na dama, na sa na ƙafa. Na hagun ban sa ba. Ta bango bargon iya katifar sama ya tsaya, duk wanda ya ja gadon zai ga aikin malalaciya. Na faɗa wa Safiya dalili tun kafin in ɗinka, ta ce in ban yi haka ba ita za ta warware da kanta.

Kashi na ukun na raba shi biyu na haɗa ta tsakiya, na kalmashe baki. Ya fitar da ɗankwali. Da baƙin zarenki na auna, ba da hannuna ba, kamu biyu ne na doguwar mace. Yana cikin ƙunshin da Hasana za ta ba ki, tare da alkaki da dubulan na biki. Kin ce shi kaɗai gare ki. Ba za mu kwana a kan zannuwa biyar ke ba ki da ko ɗaya ba.

In kin ce in warware, sai dai ki zo Kaduna ki sa ni.

'Yarki,
Sa'adatu

*

Gusau
15 ga Yuli, 1989

Ɗiyata Sa'adatu,

Barka da Sallah, ya gajiyar biki? Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Gwiwa da sauƙi. Alkakin ya yi, dubulan ɗin ya sha mai da yawa, ki faɗa wa wadda ta yi.

Shekara talatin ba ɗalibar da ta rage mini gefen bango ta kwana lafiya. Na karanta takardarki na buɗe baki zan fara, sai Hasana ta miƙo mini ƙunshin.

Ɗinkin tsakiyar ya karkace kaɗan, kuma kin ja zare ya yi tsauri wajen kalmasa. In kin zo zan nuna miki. Ki zo da Safiya, ki zo da hannun nan naki in gan shi.

Jiya Sallah ta faɗo ranar Juma'a. Na ɗaura shi na tafi idi. Wata ta ce, “Hansai, yau ina koren zanin?” Na ce yana Kaduna ya kai ɗiyarsa ɗaki, ga abin da ya aiko mini.

Kada ki warware komai.

Innarki,
Hansai